Tambayar da Ba Mu Yi wa Malam Ba

Bara, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, aka yi jana'izar malamin da ya koya mana tarihi da labarin ƙasa a makarantar sakandare ta garinmu, Kuseri. Ba zan ambaci sunansa ba, domin iyalinsa ba su ba ni izini ba, shi ma kuma a zamansa na duniya mutum ne da ba ya son a ɗaga shi sama. Jama'ar da ta taru a maƙabarta ta wuce yadda ake zato. Akwai alƙali, akwai ma'aikatan asibiti, akwai 'yan kasuwar da suka tsallako gada daga Injamena, akwai direbobin da suka bar motocinsu a tasha da lodi a kai. Duk wanda ka tambaya sai ya ce ɗalibinsa ne. Da muka koma zaurensa zaman makoki, wani daga cikinmu ya kawo shawarar a rubuta taƙaitaccen tarihinsa a karanta ranar sadakar uku. Aka miƙo mini takarda da biro, saboda an san ni da ɗan taɓa rubutu.

A nan ne asirinmu ya tonu. Mun fi mutum 30 a zauren, kowanenmu ya yi shekara 2 ko 3 a gabansa, amma babu wanda ya iya faɗin shekarar da aka haife shi. Babu wanda ya san wa ya sa shi boko a zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu, ko a wane gari ya fara riƙe alli, ko dalilin da ya sa ya ƙi ƙarin girman da aka ce an sha yi masa tayi. Abin da muka iya haɗawa bai cika shafi ɗaya ba, rabinsa ma addu'a ce.

Tun daga ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na kawo shi wannan zaure na masu nazarin Hausa. Ra'ayina shi ne, mun saba da rubuta tarihin malamin makaranta ne kawai in ya bar aji ya zama wani abu dabam. Wanda ya tsaya kan alli har ƙarfinsa ya ƙare kuwa, sai mu bi shi da yabo na baki, yabon kuma ya bi iska tare da mu. Wannan bashi ne a kanmu, kuma a ganina ɗaliban Hausa ne suka fi kowa cancantar biyan sa.

Bari in fara da sunan da muke kiran sa, tun da sha'anin kalmomi ne ya tara mu a nan. Mu da muka tashi a ɓangaren da Faransa ta mulka muna da kalma biyu a inda 'yan'uwanmu na Nijeriya suke da ɗaya. Malam, wadda ta samo asali daga Larabci, ta mai allo da tawada ce, wanda ke zaune kan buzu a zaure. Mai koyarwa a lakwal kuwa mushe ake ce masa, wato yadda bakin Bahaushe ya sarrafa kalmar da Faransawa ke girmama namiji da ita. Har yau haka ake faɗa a Maraɗi da Damagaram. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta son boko ko kaɗan, saboda haka da gangan take ja wa kalmar wasali ta karkatar da sautinta, har ta koma mushen nan da ungulu ke sauka a kai. To, shi mutumin da nake magana a kansa da mushe ya fara. Amma lokacin da na isa ajinsa, unguwa kaf, har da limamai da tsofaffi mata irin kakata, Malam suke ce masa. Wannan ƙarin girma ne da babu gwamnatin da ke iya sa hannu a kansa.

Wanda bai san Kuseri ba, gari ne a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, a gaɓar kogin Logon daf da inda yake haɗuwa da Shari, yana kallon Injamena babban birnin Chadi ido da ido. Ajinmu kamar kasuwar garin yake. Da ɗan Kotoko, da Balaraben Shuwa, da ɗan Musgun, da Babarbare, da Bafillace, da Bahaushe, da 'ya'yan ma'aikatan da aka turo daga kudu, duk a kan benci ɗaya, mu kusan 90. A waje Larabcin Shuwa ne ke haɗa mu, a cikin aji kuwa Faransanci kaɗai aka yarda da shi. In watan Maris ya kama, zafi ya haura 40, kwanon rufin ya riƙa ƙara kamar ana toya shi, rabin aji na gyangyaɗi. A irin wannan wuri Malam ya yi shekara da shekaru yana koyar da juyin juya halin Faransa da kogunan Turai ga yaran da ba su taɓa zuwa Marwa ba.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne abin da yake yi duk ranar 22 ga Afrilu, ko ranar makarantar da ta fi kusa da ita. Sai ya rufe littafi ya ce mu biyo shi. Mu taka har bakin kogi, ya tsaya ya nuna mana mahaɗar ruwan, ya ce a wannan yanki ne, a rana mai kamar ta yau ta shekarar 1900, rundunonin Faransa uku da suka haɗu daga hanyoyi dabam-dabam suka yi karo da Rabe, wanda ya ci Barno ya kafa hedkwatarsa a Dikwa. A ranar aka kashe Rabe, a ranar kuma kwamandan Faransawa Lami ya mutu. Sunansa aka sa wa garin da ke tsallake, aka riƙa ce masa For Lami har zuwa 1973 da aka mayar da shi Injamena. Duk wannan yana cikin littafi, kowane malami na iya karanto shi. Abin da ba ya cikin littafi shi ne aikin gidan da yake biyo baya. Sai ya ce kowa ya je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidansu, ya durƙusa ya tambaye shi abin da ya ji daga na gaba da shi game da Rabe, ya rubuta da harshen da aka faɗa masa, sa'an nan ya fassara.

Mako na zagayowa sai ka ga abin mamaki. Wani ya kawo Rabe jarumin da ya tsaya wa Nasara, wani ya kawo shi mai farautar bayi wanda ya sa kakanninsa kwana cikin ruwa, wani kuma labarin da ya samo bai wuce na wata rijiya da aka cike da ƙasa ba. Malam ya jera su a allo gefen abin da littafin Faransanci ya faɗa, bai ce wannan ne gaskiya wancan ƙarya ba. Yakan tambaye mu ne: wa ya faɗa, a ina yake tsaye lokacin da abin ya faru, me ya samu, me ya rasa? Sai da na je jami'a na ji ana kiran wannan da manyan sunaye. A garin da ƙabilu ke zaune kafaɗa da kafaɗa, wanda kuma ya ga tashin hankali tsakaninsu ba sau ɗaya ba, har da na watan Disamba na 2021, koya wa yaro cewa kakan abokinsa ma yana da nasa labarin ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga wannan aikin gida ne alaƙata da rubutun Hausa ta faro. Mu 'yan tsirarun Hausawan ajin mun kai masa takardunmu da rubutu irin na wanda Faransanci ya fara buɗe wa ido. Inda ake son ciniki sai mu rubuta tchiniki, shanu su zama chanou, uwa ta zama ouwa. Irin wannan rubutu ne ya mayar da Garwa Garoua, Marwa Maroua, Kuseri kuma Kousseri a kan taswira. Malam ya duba ya yi murmushi, ya ce mu same shi gida ranar Asabar da la'asar. A zaurensa, a kan tabarma, ya fara nuna mana baƙaƙen nan masu lanƙwasa, ya ce mu bambanta baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, da da ɗa. Ba ya cikin manhaja, ba a jarraba mu a kai a BEPC ko bakaloriya, ba kuma wanda ya biya shi ko dala. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin kare harsunan ƙasa da raya su, dokar ilimi ta 1998 ma ta maimaita, daga baya kuma aka fara koyar da wasunsu a wasu makarantu. Amma a zamaninmu, a garinmu, zauren Malam ne kaɗai wurin da yaro zai koyi rubuta Hausa daidai. Littattafan da muke karantawa kuwa daga Maiduguri suke zuwa, ta Gambaru da Fotokol, a cikin kayan fatake, bangonsu duk ya sha maiƙo.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake siffantawa. Malam mutum ne mai zafin rai, kuma bulalarsa ba ta san ɗan kowa ba, har bayan da dokar nan ta 1998 ta haramta dukan ɗalibai. Ina tuna wata yarinya a ajinmu da take makara kullum saboda sai ta kai wa uwarta kayan koko bakin tasha. Wata safiya ya tsayar da ita gaban aji ya yi mata faɗan da ya wuce kima. Ba ta sake dawowa ba. An ce ya je gidansu har sau biyu, an kuma ce bai je ba. Ko abin ya tsaya masa a rai? Ko shi ne ya sa a shekarunsa na ƙarshe ya zama mai bin gida-gida yana roƙon iyaye su bar 'yan mata su kammala? Amsar tana wurinsa, mu kuwa ba mu tambaya ba.

Haka nan ba mu tambaye shi yadda ya yi da shekarar 1993 ba, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikatan Kamaru har sau biyu, sa'an nan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Malamai da yawa a lokacin suka koma kasuwa, wasu suka hau babur suna ɗaukar fasinja, wasu jikinsu na aji hankalinsu na wani wuri. Abin da muka sani kawai shi ne Malam yana da gonar masakwa, dawar nan da ake dasawa a laka bayan ruwa ya janye, kuma yakan zo aji wani lokaci da sauran taɓo a dugadugansa. Mu a lokacin dariya abin yake ba mu.

A cikin littattafan da ya ara mini akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma sai bayan rasuwarsa na lura da abin da ke bakin ƙofar littafin. Labarin nan na bauta da ƙetare hamada da uwa mai neman ɗanta, duk ya fito ne saboda almajiran wani malami a Rauta sun tambaye shi asalinsa da yadda ya zo garin. Da sun yi shiru irin namu, da babu labari. Marubucin kansa malamin makaranta ne sa'ad da ya rubuta shi. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933 ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa, ya zama shugabanta a 1941, bai kuma bar ta ba sai da ya tafi ƙaro ilimi Landan a 1945. Shekara 12 ke nan a gaban allo a ƙasarsa ta haihuwa. Amma in ka ce wa ɗalibi ya ba ka tarihinsa, da jimla ɗaya zai tsallake waɗannan shekaru ya faɗa kan Firayim Minista da juyin mulkin Janairu na 1966.

Ba shi kaɗai ba ne. Gasar rubutun da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, wadda ta haifar da littattafai biyar da ake fara tarihin ƙagaggen labarin Hausa da su, uku daga cikinsu aƙalla daga hannun malaman aji suka fito: Shaihu Umar, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam wanda ke koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara. Imam ya bar aji ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934 kafin sarauta ta ɗauke shi. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci, ya koyar a Maru, ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, sa'an nan ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasa. Shehu Shagari ya koyar a Sakkwato da Argungu, har ya tsara Waƙar Nijeriya don sauƙaƙa wa yara labarin ƙasa, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Kowane ɗaya daga cikinsu an rubuta littafi a kansa, ko shi ya rubuta da kansa. Amma ka lura da abin da ya sa aka rubuta: saboda sun fita ne. Aji a tarihinsu zaure ne da ake ratsawa a shiga cikin gida.

Wanda ya fi daɗewa a zauren shi ne Malam Bello Kagara. An haife shi a 1890, ya shafe fiye da shekara 20 yana koyar da Larabci da addini a Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, kafin ya koma alƙalanci har ya zama Walin Katsina, ya rasu a 1971. A shekarun da yake can ne Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da ƙanensa Imam suka ratsa makarantar. Ke nan mutanen da suka riƙe Arewa sun zauna a gabansa suna samari. To amma tambayi ɗalibin Hausa wane ne Bello Kagara, zai ce maka marubucin Ganɗoki, ya tsaya nan. Littafi ɗan ƙarami da ya rubuta a 'yan watanni ya rufe aikin da ya ci masa ƙuruciya. In haka ta faru da Walin Katsina, ina ga malamin da bai rubuta littafi ba, bai riƙe sarauta ba, yana can bakin iyaka a garin da jaridu ba sa tunawa da shi sai in an yi ambaliya ko gudun hijira?

Wannan mantuwa ba a takarda kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa tukunya. A watan Fabrairu na 2022 malaman sakandare na Kamaru suka shiga yajin aikin da suka kira mataccen alli, a ƙarƙashin wata tafiya da aka fi sani da OTS, wadda ma'anar sunanta ita ce haƙuri ya kai maƙura. Suna zuwa makaranta, amma ba sa koyarwa. Kokensu shi ne bashin albashi da alawus, da shekarun da sabon malami ke yi yana jiran lambar aiki. Wanda ya zama fuskar wannan yaji wani malamin motsa jiki ne a lise ta Beka, a yankin Faro na jihar Arewa, wadda Garwa ce hedkwatarta. Ya yi kusan shekara 10 yana aiki ba albashi. Da labarinsa ya bazu a kafafen sada zumunta, ba a daɗe ba aka sa hannu a takardar shigar da shi aiki. A watan Maris na wannan shekarar ya rasu. Shekara 10 takardunsa na kwance babu wanda ya ɗaga su, da aka ba da labarinsa da suna da fuska sai ga shi sun motsa cikin 'yan kwanaki. Ina ganin akwai abin lura a nan ga duk mai cewa ba da labari aikin banza ne.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a zauren makokin. Wani ya ce rayuwar malami ba ta da labari, bana kamar bara ce, darasi ɗaya yake maimaitawa har ya yi furfura. Wannan magana ta wanda ya kalli aji daga taga ce. Mutumin da ya fara aiki a zamanin Ahmadu Ahijo, ya ga sauyin mulki na 1982, ya sha karyewar sefa, ya buɗe zaurensa ga mutanen da suka tsallako kogi da ƙunshin kaya a ka lokacin yaƙin Injamena na Fabrairun 2008, ya kuma ga yadda rikicin Boko Haram ya rufe makarantun ƙauyukan iyaka ya turo yaransu cikin gari, ta yaya za a ce ba shi da labari? Tarihin yankin gaba ɗaya ya bi ta cikin rajistar ajinsa: sunayen da suka ƙaru, da waɗanda suka ɓace a tsakiyar shekara.

Wani kuma ya ce in an fara irin wannan rubutu, kirari zai koma, kowa ya wanke malaminsa tas. Wannan tsoro yana da tushe, domin al'adarmu ba ta son a faɗi aibin mamaci, kuma tana da hujjarta. Maganinsa shi ne a rubuta tun mutum yana da rai, ya faɗi nasa da bakinsa. Tsoho da ya yi ritaya ya fi mu iya ambaton kurakuransa, kuma in ya ambata babu mai cewa an ci mutuncinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka tashi fafewa.

Magana ta uku ce ta fi yi mini nauyi, kuma wani malami da ke bakin aiki ne ya faɗe ta. Ya ce, “Ku riƙe tarihinku, ku ba mu haƙƙinmu. Yabo ba ya sayen buhun gero.” Gaskiyarsa. Akwai wata magana da ake yawan jefa wa malamai, wai ladansu yana lahira, wadda a bakin mai riƙe da albashinsu ba ta da maraba da zalunci. In rubuta tarihin malami zai zama wata sabuwar hanyar sallamar sa da daɗin baki, gara a bari. Sai dai tarihin da nake nufi ba ya ɓoye albashi. Yana faɗin nawa ake biya, wata nawa aka yi ba a biya ba, yara nawa ne a aji, sau nawa aka je babban birni bin takardun fansho aka dawo hannu rabbana. Malam ya yi irin wannan zirga-zirga bayan ritayarsa, tafiyar kwana da kwanaki a mota da jirgin ƙasa, ga tsufa. Irin wannan rubutu shaida ce, kuma shaida tana da amfani ranar da za a yi maganar haƙƙi.

Abin da ya sa na ce ɗaliban Hausa ne suka fi dacewa da aikin shi ne, kayan aikin suna hannunsu tuni. A sassan nazarin Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri an daɗe ana rubuta kundaye a kan rayuwa da ayyukan makaɗa da mawaƙa da marubuta. An san yadda ake zama da dattijo, a ɗauki maganarsa, a juye ta a takarda, a gwada ta da ta wasu. Wannan hanya ta ceci abubuwa masu yawa daga ɓacewa. Me zai hana a juya ta wajen malamin sakandaren da ya fara sa wa ɗalibin son karatu? Ga shi kuma tun 2008 akwai babbar makarantar horon malamai a Jami'ar Marwa, inda matasan da za su gaji irin su Malam ke karatu. Da za a ɗora wa kowanensu ya nemo tsohon malami ɗaya a garinsu ya rubuta rayuwarsa kafin a ba shi alli, da ya shiga aji ya san irin kayan da zai ɗauka.

Kuma da Hausa nake so a rubuta, in da Hausa mutumin ya rayu. Faransancin Malam na aji ne, mai tsabta, ba ƙari ba ragi. Barkwancinsa da habaicinsa da tausayinsa kuwa da Hausa suke fita, Hausar bakin kogi wadda ta sha ruwan Larabcin Shuwa da Barbarci da Fillanci. Duk wanda ya rubuta maganar irin waɗannan dattawa yadda take, ya jefi tsuntsu biyu: ya adana mutum, ya kuma adana wani karin harshe da ba kasafai ake cin karo da shi a rubuce ba. Ban da haka, iyalinsa za su iya ji a karanta musu su gane, su ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure.

Bayan sadakar arba'in na koma gidan ni kaɗai. Na yi sallama, aka yi mini iso wurin uwargidansa, na durƙusa na gaishe ta. Na ce, “Inna, ko Malam ya bar wasu takardu? Ina son in rubuta wani abu a kansa.”

Ta daɗe tana kallo na, sa'an nan ta ce, “Ɗan nan, sai yanzu? Akwai akwatin ƙarfe da yake tara littattafan darasinsa tun kafin a kawo ni gidan nan. Ruwan da ya shigo mana shekarar ambaliya ya kwana uku a cikin ɗakin.”

Ambaliyar 2022 take nufi, lokacin da Logon ya cika ya shiga unguwanni. Ta sa jikanta ya jawo akwatin. Takardun sun manne sun zama kamar tubali, tawadar ta narke ta koma shuɗi ɗaya. A can ƙasa, cikin wata leda da ya ƙulle da kyau, muka sami abu ɗaya da ruwa bai taɓa ba: damin takardun aikin gidan nan na Rabe, na shekaru daban-daban, kowace da sunan yaro da sunan tsohon da ya tambaya. Na sami tawa a ciki, da rubutuna na Faransanci mai kwaikwayon Hausa, ya bi kowace kalma da jan biro ya gyara.

Inna ta ce in tafi da su in ina so, ita ba ta iya karantawa. Na ce zan dawo ranar Asabar da la'asar da na'urar ɗaukar magana, in ta yarda. Ta ce abin da ta sani kaɗan ne, amma ta san shekarar da aka sa shi boko, domin shekarar ce aka yi fari har mahaifinsa ya sayar da jakinsa, kuma akwai wani abokin karatunsa da ke da rai a Garwa, sai dai kunnensa ya yi nauyi.